Bizar H-1B: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A ƙarshen Oktoban 2014 aka kira wasu ma'aikatan sashen kwamfuta na kamfanin Disney da ke Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka, domin ganawa da shugabanninsu. Wasu sun shiga da fara'a, don bai daɗe ba da aka yaba wa aikinsu, har suna sa ran za a yi musu ihsani. Abin da suka ji ya sha bamban. An ce musu aikinsu zai ƙare a ƙarshen Janairu, kuma duk mai son cikakken kuɗin sallama sai ya zauna ya koya wa magajinsa aiki. Mutum kusan 250 abin ya shafa. Magadan kuwa, da yawansu matasa ne daga Indiya, waɗanda kamfanonin kwangila suka kawo da bizar ƙwararru da ake kira H-1B. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ya bayyana wa jaridar New York Times yadda kwana 90 ɗin suka wuce: a watan farko baƙon yana gefensa yana ɗaukar duk abin da yake yi, a wata na biyu suna yin aikin tare, a na uku baƙon ya karɓi aikin gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ciyar da iyali da albashin wata ya san ɗacin wannan. Korar kanta ciwo ce, amma a ce ka koya wa wanda zai zauna a kujerarka inda makullai suke, wannan cin fuska ne. Ban ga laifin Ba'amurken da ya fita daga wannan ofis zuciyarsa na tafasa ba. Abin da nake so mai karatu ya yi tare da ni shi ne ya juya ya dubi ɗaya kujerar. Saurayin da ke zaune a kai ba shi ya yanke hukuncin ba, ba shi ya sa hannu a kwangila ba, kuma abin da ke shiga aljihunsa bai kai na wanda ya gada ba. Takardar zamansa a ƙasar tana hannun kamfanin da ya kawo shi. Idan aka ce masa gobe ya koma wata jiha, ba shi da ta cewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ra'ayina ke nan tun daga farko, don kada in yi ta kewaye-kewaye. Wannan biza tana cutar da wasu ma'aikatan fasaha 'yan ƙasa, wanda ya musanta haka bai yi adalci ba. Sai dai cutar tana fitowa ne daga igiyar da aka ɗaura wa baƙon da kuma arhar da doka ta yarda a yi da shi. A kwance igiyar, a ɗaga farashin, yawancin ɓarnar za ta tafi ba tare da an rufe wa kowa ƙofa ba.

Majalisar Dokokin Amurka ce ta ƙirƙiri bizar a dokar shige da fice ta 1990, wadda Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu. Manufar ita ce kamfani ya iya ɗauko mai ilimi na musamman, aƙalla mai digiri, na shekara 3, a sabunta zuwa 6. An ƙayyade 65,000 a shekara. Lokacin da kasuwar intanet ta yi tashen farko aka ɗaga adadin zuwa 115,000, sannan 195,000 daga 2001 zuwa 2003, daga bisani ya koma inda yake. A 2004 aka ƙara gurbi 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama a jami'o'in Amurka, shi ya sa ake jin 85,000. Jami'o'i da cibiyoyin bincike ba sa cikin wannan lissafi. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu samu 'yan Indiya ne, 'yan Sin suna biye da kashi 12 ko kusa da haka, kuma wajen kashi biyu cikin uku na ayyukan na kwamfuta ne.

Akwai abin da mutane da yawa, har a cikin Amurkawa, suka ɗauka gaskiya ne alhali ba haka ba ne. Suna zaton sai kamfani ya nemi ɗan ƙasa ya rasa kafin a ba shi izinin ɗauko baƙo. Ga yawancin kamfanoni babu wannan sharaɗi a H-1B. Abin da ake buƙata shi ne kamfani ya cike takarda ga Ma'aikatar Ƙwadago, ya yi alkawarin biyan albashin da aka saba biya a wannan sana'a a wannan yanki. Galibi kamfanonin da masu H-1B suka kai kashi 15 na ma'aikatansu ne doka ta ce su fara neman 'yan ƙasa, kuma kada su kori wani don sa baƙo. Amma a dokar 1998 da ta kawo wannan sharaɗi aka bar wata kafa: idan kamfani zai biya baƙon dala 60,000 a shekara, ko kuma baƙon yana da digiri na biyu, sharaɗin ya faɗi. Dala 60,000 kuɗi ne mai kauri a 1998. Yau sai an kusa ninka ta biyu kafin ta kai kimarta ta waccan shekara, kuma da wuya ka sami gogaggen injiniyan manhaja a manyan biranen Amurka da zai karɓi wannan albashi. Ba a taɓa adadin ba har yanzu. Saboda haka lokacin da wasu ma'aikatan Disney suka kai ƙara, alƙalin tarayya ya kore ta a 2016. Hakan ya fi komai ba ni tsoro: abin da aka yi musu bai fita daga da'irar doka ba.

To shi albashin da aka saba biya fa, yaya ake auna shi? Nan ne wajen da nake so a tsaya a duba da kyau, don a nan arhar take ɓoye. Ka jera mutum 100 masu sana'a ɗaya a gari ɗaya, daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba. Ma'aikatar Ƙwadago ta yanka wannan layi gida huɗu. Mataki na farko yana daidai mutum na 17, na biyu yana kan na 34, na uku shi ne tsakiya, wato na 50, na huɗu kuma na 67. Kamfani ne ke siffanta aikin, don haka kusan shi ke zaɓar matakin. A 2020 masu bincike biyu, Daniel Costa da Ron Hira, suka fitar da rahoto a cibiyar Economic Policy Institute da ya nuna kashi 60 cikin 100 na guraben da aka amince da su a 2019 suna matakai biyun ƙasa ne. Ana ce wa jama'a waɗannan su ne zakaru da babu irinsu a gida, amma ana biyan mafi yawansu ƙasa da matsakaicin ɗan gida. Magana biyun ba sa haɗuwa. Kaya idan ya yi ƙaranci tsada yake yi.

Ya kamata in yi adalci a nan. Matsakaicin albashin mai H-1B a 2023 ya kai dala 118,000, kuma akwai dubbai da ake biya fiye da haka nesa ba kusa ba. Wanda Nvidia ko Google suka ɗauko don ya tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta ko ya yi binciken ƙirƙirarriyar basira ba arha aka je nema ba. Gaskiyar ita ce biza ɗaya ce take ɗauke da kasuwanci biyu da ba su yi kama da juna ba. Akwai kamfanin da ya ga wani mutum takamaimai, ya san aikinsa, yana son shi kaɗai. Akwai kuma kamfanonin kwangila irin su Infosys, Tata, HCL da Cognizant, waɗanda sana'arsu ita ce su karɓi sashen kwamfuta na banki ko kamfanin lantarki ɗungurungum, su zuba mutanensu, su koyi aikin, sannan su kwashe abin da zai kwasu zuwa Indiya. Abin da ya faru a Disney ya faru a kamfanin lantarki na Southern California Edison a daidai wannan lokaci, inda ɗaruruwa suka rasa aiki. Ya kuma faru a Jami'ar Kalifoniya reshen San Faransisko a 2017, wadda kuɗin jama'a ke riƙe da ita.

Yadda ake raba bizar ma ya fi yi wa 'yan kwangila daɗi. Tunda masu nema sun ninka guraben sau da yawa, hukumar shige da fice ta USCIS ta shafe shekaru tana raba su ta hanyar canki-canka. Ƙaramin kamfani mai son mutum ɗaya tak yana da ƙuri'a ɗaya, idan ta faɗi shi ke nan. Kamfanin da ke da ma'aikata dubu goma waɗanda kowanne zai iya maye gurbin ɗan'uwansa kuwa, sai ya zuba sunaye dubu uku don ya sami dubu ɗaya, bai damu da wanda ya fito ba. Da aka mayar da rajista ta intanet a 2020 kan dala 10 kacal, sai abin ya zama kasuwar bayan fage. A Maris ɗin 2023 rajista ta haura 780,000, fiye da 400,000 daga ciki na mutanen da aka shigar da sunansu fiye da sau ɗaya ne ta kamfanoni daban-daban. Hukumar ta gyara a 2024, ta koma zaɓe da lambar fasfo, nan take adadin ya faɗo zuwa wajen 480,000. Wannan ƙaramin gyara ya nuna ana iya toshe ɓaraka idan an so.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna auna tasirin wannan biza, kuma kowane ɓangare yana ɗauko binciken da ya yi masa daɗi ya ɓoye sauran. Kirk Doran da Alexander Gelber da Adam Isen sun bi kamfanonin da suka ci canki-canka a 2006 da 2007 da waɗanda suka faɗi, suka gano kowace biza ɗaya da kamfani ya samu tana rage masa wasu ma'aikata kimanin ɗaya da rabi. John Bound da Gaurav Khanna da Nicolas Morales sun duba shekarun 1994 zuwa 2001, suka ƙiyasta cewa ba don shigowar baƙi ba, da albashin masanan kwamfuta 'yan Amurka ya fi haka da kashi 2.6 zuwa 5.1, yawansu a aiki kuma da kashi 6 zuwa 11. Amma su ɗin dai suka ce kayan fasaha sun yi sauƙi ga mai saye, kamfanoni sun ci riba, ƙasa gaba ɗaya ta ƙaru. A ɗaya gefen, Giovanni Peri da abokan aikinsa sun nuna biranen da suka fi karɓar baƙi masana kimiyya tsakanin 1990 da 2010 su ne albashin 'yan ƙasa masu digiri ya fi tashi a cikinsu.

Ni ban ga saɓani a tsakaninsu ba. Ƙasa na iya ƙaruwa alhali wani mutum takamaimai ya yi asara. Ribar ta watsu a kan miliyoyin mutane, kowa ya sami ɗan abin da bai ma lura da shi ba. Asarar kuwa ta taru a kan mai shekara 52 da ke kula da rumbun bayanai na wani kamfanin inshora, wanda yake da bashin gida da yara biyu a jami'a, kuma babu mai ɗaukar sa a sabon aiki da wannan shekaru. Idan ka ce masa tattalin arzikin ƙasa ya bunƙasa, ba ka amsa tambayarsa ba. Masu kare bizar sun daɗe suna yin wannan kuskure, suna amsa kukan mutum da jadawali, sannan su yi mamakin yadda fushi ya taru.

Masu cewa a rufe ƙofa su ma akwai abin da ba sa son ji. Aikin manhaja ba kamar ginin gada ba ne da dole sai an yi shi a bakin kogin. Waya ɗaya ta intanet ta isa a ɗauke shi zuwa wata nahiya. Britta Glennon ta makarantar Wharton ta bi diddigin abin da manyan kamfanoni suka yi bayan an rage guraben a 2004, ta ga sun ƙara ɗaukar ma'aikata a rassansu na waje, musamman Indiya da Sin da Kanada. A 2007 Microsoft ta buɗe cibiya a Bankuba ta Kanada, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga hedikwatarta, ta kuma faɗa a fili cewa tana son wurin ajiye ƙwararrun da dokar shige da ficen Amurka ta hana shiga. A Yulin 2023 Kanada ta buɗe gurbi 10,000 musamman ga masu H-1B, cikin kwana biyu suka ƙare. Yau manyan bankuna da kamfanonin Amurka suna da cibiyoyinsu na kansu a Bangalo da Haidarabad na Indiya, masu ɗauke da dubban injiniyoyi. Aikin da ya tafi can ba ya biyan haraji a Amurka, ba ya hayar gida, ba ya ɗaukar ɗan koyo daga jami'ar unguwa. Ga shi kuma a manyan ajujuwan kimiyyar kwamfuta da injiniyancin lantarki na jami'o'in Amurka, ɗaliban digiri na biyu da na uku kusan kashi 70 baƙi ne. Ka horar da mutum da malamanka da ɗakunan bincikenka, sannan ka kore shi ya je ya yi wa mai gasa da kai aiki, wannan ba dabara ba ce.

Yanzu bari in zo kan igiyar, don ita ce zuciyar maganar.

Mai H-1B ba shi ne mai bizar ba a haƙiƙa, kamfani ne ya nema masa. Ranar da aka sallame shi agogo yake fara bugawa: kwana 60 ya sami wani kamfanin da zai shigar masa da sabuwar takarda, ko ya canza matsayi zuwa wata irin biza, ko ya bar ƙasar. Kafin 2017 ko wannan sassauci babu a rubuce. Ka kwatanta mutumin da ya shekara 9 a gari, ya sayi gida, matarsa na zaune da bizar da ke rataye da tasa, 'ya'yansa biyu an haife su a can ba su san wata ƙasa ba. Da safe ya buɗe kwamfuta ya tarar an rufe masa shiga. Daga wannan rana yana lissafin kwanaki da yatsu, alhali ɗaukar injiniya a babban kamfani yakan ci makonni ana ganawa. A kwana na 40 zai karɓi duk albashin da aka miƙo masa. Irin wannan ya faru da mutane masu yawa lokacin da Meta ta sallami 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023.

Wata doka ta shekarar 2000 ta ba shi damar sauya kamfani, gaskiya ne. Amma akwai igiya ta biyu da ta fi ta farko kauri, wato katin zama na dindindin. Amurka tana ba da 140,000 ne a shekara ta hanyar aiki, kuma mata da 'ya'ya suna cikin lissafin. A ƙa'ida babu ƙasar da za ta wuce kashi 7 cikin 100, don haka Indiya mai mutum biliyan 1.4 rabonta ɗaya da ƙasar da ba ta kai miliyan ba. Layin 'yan Indiya ya yi tsawon da cibiyar Cato ta ƙiyasta a 2023 cewa sabon mai shiga zai iya jira fiye da shekara 100. Kamfani ne ke fara nema wa ma'aikaci katin, idan ya bar aiki kafin a kai wani mataki sai a koma farko. Yaron da aka shigo da shi yana goye kuma, ranar da ya cika 21 ya fita daga inuwar bizar ubansa.

Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya neman ƙarin albashi da ƙarfi. Ba ya ƙin aikin Asabar. Ba ya kai ƙarar shugaban da ya zalunce shi, ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ba ya barin aiki ya kafa nasa kamfanin cikin sauƙi. Manaja ya san da haka ko da bai taɓa furtawa ba. A nan ne ɗan ƙasa yake shan kashi, don ba da ilimin baƙon yake gasa ba, da tsoronsa yake gasa. Idan mutum biyu sun iya aiki daidai, ɗaya yana iya ajiye makulli ya tafi, ɗaya ba ya iyawa, kowa ya san wanda za a fi so. Ko manyan kamfanonin da ake ganin sun fi tsafta ba su tsira daga zargi ba. A 2021 Facebook ta amince ta biya dala miliyan 14.25 don sasanta ƙarar Ma'aikatar Shari'a, wadda ta zarge ta da keɓe wasu guraben ga masu biza, tana ƙin tallata su a shafinta, tana cewa sai dai a aiko da takarda ta gidan waya. A 2023 Apple ta biya miliyan 25 kan zargi makamancin wannan. A Oktoban 2024 kuma masu taya alƙali yanke hukunci a Los Anjalas suka sami Cognizant da nuna bambanci ga ma'aikatan da ba 'yan Indiya ba.

Sai dai ban yarda da masu ɗora wa bizar duk wahalar da matasan da suka karanta kwamfuta ke sha yau ba. Adadin 85,000 bai motsa ba kusan shekara 20. Yana nan lokacin da kamfanoni ke rububin ɗaliban da ko kammalawa ba su yi ba a 2021, yana nan lokacin da aka fara kora a 2022. Abin da ya canza daban ne: kamfanoni sun ɗebi mutane fiye da kima lokacin korona, babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022 kuɗin zuba jari ya ja baya, wani sauyin dokar haraji a wannan shekara ya sa albashin masu rubuta manhaja ya yi wa kamfanoni nauyi, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ta fara cin ayyukan 'yan koyo. Amma akwai tambayar da take da haƙƙin a amsa ta: kamfanin da ya sallami dubbai a wannan wata, da wace hujja yake neman sabbin biza dubbai a wata mai zuwa? Wataƙila ayyukan ba iri ɗaya ba ne. To ya fito ya nuna, doka ta tilasta masa.

A Disamban 2024 rikicin ya fashe a cikin gidan magoya bayan Donald Trump, bayan ya naɗa Sriram Krishnan mai ba da shawara kan ƙirƙirarriyar basira. Elon Musk da Vivek Ramaswamy suka tsaya wa bizar, Steve Bannon da Laura Loomer suka far mata, Sanata Bernie Sanders daga can hagu shi ma ya soki yadda ake amfani da ita wajen karya albashi. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda cikin 'yan kwanaki maganar ta bar kan doka ta koma zagin 'yan Indiya, abincinsu da addininsu da launinsu. Babu kamfanin da ya yi asarar sisi saboda wannan zagi. Waɗanda suka kwana da fargaba su ne masu lissafin kwana 60.

Ran Juma'a 19 ga Satumban 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin biyan dala 100,000 kan sabuwar takardar H-1B, ya fara aiki ran Lahadi. Kafin a fayyace wa abin ya shafa, manyan kamfanoni sun aika wa ma'aikatansu da ke ƙasashen waje su dawo cikin gaggawa. Mutane suka katse hutu da ziyarar iyaye suka yi ta neman tikiti ko nawa ne. Sai washegari Fadar White House ta ce kuɗin sau ɗaya ne, kuma bai shafi masu biza a hannu ba. Daga baya aka ƙara bayani cewa bai hau kan ɗaliban da ke cikin ƙasar suna canza matsayi ba. Na fahimci abin da ya sa wasu suka yi murna, don a karon farko an taɓa aljihun masu neman arha. Amma wannan guduma ce aka ɗauko a wurin da ake buƙatar allura. Kamfani mai tiriliyan zai biya ko gezau. Asibitin karkara mai neman likita, da makarantar da ta rasa malamin lissafi, da ƙaramin kamfanin mutum goma, su ne za su haƙura. Ɗan kwangila kuma ya riga ya san hanyar Bangalo. Mafi muni, kuɗin bai kwance ko zare ɗaya na igiyar ba. Kamfanin da ya kashe dala 100,000 kan mutum zai ƙara riƙe shi ne da hannu biyu.

Da ni ake tambaya, da farko sai a mayar da bizar hannun ma'aikaci. Bayan ɗan lokaci yana aiki yana biyan haraji, ya iya sauya kamfani kamar kowa, ya nemi katin dindindin da kansa, kwana 60 ɗin nan su koma aƙalla wata 6, a kuma cire rabon kashi 7 a hankali yadda ba za a danne 'yan ƙananan ƙasashe ba. Wasu za su ga kamar gata ne aka yi wa baƙo. Ɗan ƙasa ne zai fi cin moriya, don ranar da baƙo ya iya cewa a'a, kamfanin da arha kawai ta kawo shi zai daina nemansa. Sannan a hana biyan ƙasa da matsakaicin albashin sana'a a yankin. An gwada ɗaga matakan a ƙarshen 2020, kotu ta soke saboda gwamnati ta tsallake ƙa'idar sauraron ra'ayin jama'a, ba don manufar ta lalace ba. A kuma fifita mai babban albashi wajen raba guraben maimakon sa'a, kamar yadda gwamnati ta gabatar da shawara a Satumban 2025. Wannan yana da nasa ciwon, ba zan ɓoye ba: sabon ɗalibi mai hazaƙa da bai kai ga babban albashi ba zai sha wuya, don haka sai an auna kowa da takwarorinsa a sana'a da yanki da shekarun aiki. Korar ɗan ƙasa ta hannun ɗan kwangila kuwa a haramta ta kai tsaye, laifin ya hau kan kamfanin da ya ba da kwangilar, ba a bar shi ya ce ba ma'aikatansa ba ne.

Yawancin wannan ba shugaban ƙasa ne zai iya yi da alƙalami ba, aikin majalisa ne. Sanata Dick Durbin na Dimokuradiyya da Sanata Chuck Grassley na Rifablikan sun fara gabatar da ƙudurin gyaran wannan biza tun 2007. Ƙudurin ya ƙunshi tilasta neman ɗan ƙasa da farko, da ɗaga albashi, da hana kamfanin da fiye da rabin ma'aikatansa masu biza ne ƙara ɗauko wasu. Sun sake kawo shi majalisa bayan majalisa, har a 2025, bai taɓa zama doka ba. Grassley ya haura shekara 90, Durbin ya sanar ba zai sake tsayawa takara a 2026 ba, dala 60,000 ɗin da aka rubuta a 1998 kuma tana nan a cikin doka yadda aka bar ta.